Man Kifin da Baffa Sule Ya Kawo wa Bindiga

Ranar jajibirin ƙaramar Sallah ce, a shekarar da aka buɗe makarantun firamare na kyauta ana bi gida-gida ana rubuta yara, Baffa Sule, ƙanen mahaifina, ya iso ƙauyenmu daga Ikko. An ɗauke ruwan la'asar ke nan, ina tsugune a gindin turmi ina tsince tsakuwa daga shinkafar Sallah, sai muka jiyo ƙugin babur ya doso gida. Mu da muke can bayan Sabuwa, a bakin daji, jaki ne motarmu, don haka kafin babur ɗin ya tsaya yaran unguwa sun cika ƙofar gida. Wani ne ya goyo shi daga Sabuwa. Ya shigo da wando mai faɗin ƙafa wanda ya sha laka har gwiwa, da rediyo rataye a kafaɗa, da jaka mai zik. Bayan an sha ruwa an yi Magariba ya zazzage tsaraba a kan tabarma: turmin atamfa na kakata Inna, jan takalmin roba nawa, kwalin sukari, madarar gwangwani, tocila. Daga can ƙasan jakar kuma ya zaro wata kwalba naɗe a cikin safa, ya durƙusa ya miƙa wa kakana da hannu biyu. Ya ce, "Baba, wannan ba taka ba ce, ta bindiga ce."

Mai ne a ciki, garai-garai kamar tataccen man gyaɗa, sai dai ya fi shi ruwa, kuma in ka kai hanci za ka ji ɗan ƙarni can ƙasa-ƙasa. Baffa, wanda yake aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa, ya ce wani tsohon ma'aikacin jirgi ne ya ba shi da ya ji ubansa maharbi ne. Wai a ƙasarsu tun zamanin kakanni da wannan man ake shafa wa bindigogi irin namu masu ɗuri ta baki. Ba ya daskarewa, ba ya bushewa, tsatsa ba ta zama inda yake. Kuma wai daga jikin wani kifin teku ake samo shi, kifin da giwa ba ta kai rabinsa ba. Inna ta saki salati ta ce, "Sule, ashe Ikko har ƙarya take koya wa mutum? Kifi ya fi giwa!" Baffa ya yi dariya ya tambaye ta, to ita a ganinta wane irin kifi ne ya haɗiye Annabi Yunusa, tarwaɗa? Nan Inna ta sallama, don ba ta jayayya da abin da ke cikin Alƙur'ani. Kakana, wanda duk muke kira Baba Tsoho, ya matso kusa da haske. Ya ɗaga kwalbar saitin fitila, ya jujjuya ta, ya buɗe ya sansana, ya rufe, ya sa a aljihun 'yar shararsa. Wanda ya san halinsa ya san abin ya shige shi.

A hannun waɗannan tsofaffi biyu na tashi. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurinsu, iyayena kuwa suna Ƙanƙara, inda mahaifina yake sayen hatsi yana lodawa a manyan motoci zuwa Kudu. Gidan Baba Tsoho ɗakunan jinka ne zagaye da dangar kara, da rumbuna a tsakar gida, da turken awaki a bayan ɗakin Inna, da wani baƙin kare mai suna Duna wanda ba a bari ya kusanci inda ake salla. Aikina bai wuce na kowace 'yar ƙauye ba: ɗebo ruwa a rafi da ɗan tulu, sharar turke, tsinto itace, karɓar taɓarya in Inna ta gaji da surfe. In damina ta kankama kuwa mu fita tun da sassafe tsintar kaɗanya, ni da sauran 'yan mata, ana rige-rige, don wadda ta makara sai ta tarar awaki da birai sun riga ta. Mu tsotse naman, mu tara ƙwallon a kwando. Ni dai ban taɓa son aikin nan ba, saboda raɓa da ƙaiƙayin ciyawa, amma wace ce ni da zan ce wa Inna a'a.

Inna 'yar wajen Faskari ce, kuma a gidansu ta gaji yin man kaɗe. Ta dafa ƙwallon, ta shanya, mu fasa, ta soya, mu daka, ta niƙa a dutse har ya zama baƙin ƙullu, sa'an nan ta zauna ta ware ƙafafu ta yi ta bugun sa da hannu cikin ruwa a babbar ƙwarya har farin ya taso sama. In ta dafa ta tace, ya kwana ya daskare, akwai ƙa'idar da ba a ƙetarewa a gidan: ba mai taɓa shi, ko don miya ko don shafa wa faso, sai an fara yankar wa bindiga nata. Inna da kanta take ɗiba a ɗan ƙoƙo ta kai ƙofar turakar Baba Tsoho ta ajiye. Shi kuma ya fito da bindigar, wata doguwar adaka da wani maƙerin Faskari ya ƙera wa ubansa, ƙotarta ta yi baƙi ta yi sheƙi don shan hannu. Ya shimfiɗa buzu, ya lakato man da kan yatsa, ya murza a tsumma, ya zura da sandar ɗuri sau ɗaya ya fito da shi. Shi ke nan, don man kaɗe inda yatsa ya ajiye shi nan yake zama. Daga nan ya jingine ta a lungun bayan ƙofa, baki sama, ya toshe bakin da totuwa saboda zanzaro. In zai ɗura, ya auna albarushi a ɗan ƙahon akuya ya zuba, ya danna da ɓawon rama, ya bi da dalma da guntayen ƙarfe, ya sake dannawa, sa'an nan ya kankaro kan ashana ya cusa a ɗan hancin da kunamar bindiga take sara. Yakan ce tun da ya karɓe ta daga hannun ubansa ya sha kuskure nama, amma ita ba ta taɓa ƙin tashi ba.

Ban da man kaɗe akwai wasu 'yan ƙahoni a jakarsa ta fata da ba a bari mu taɓa. Kitse ne a ciki: na mesa, na ɓauna, da wani busasshe da ake cewa na damisa ne, gadon ubansa. Uban nasa Bamaguje ne har ya mutu. Baba Tsoho ya musulunta tun yana saurayi, ba ya wasa da salla, amma wannan fannin bai bari ba, liman ma ya gaji ya sa masa ido. A wurin maharbanmu, kitse yana ɗauke da zuciyar mai shi. In za a fita wa babban nama sai a ɗan goga wa bindiga kitsen abin da ya fi shi ƙarfi, don ta ari zuciyarsa. Kuma in an ba ta sabon kitse, harbin farko na nama ne. Ba a gwada ta a iska, wai ƙarfin zai bi hayaƙi ya tafi. Duk kitsen da Baba Tsoho ya mallaka bai cika cokali ba. Ga shi yanzu an kawo masa kwalba guda, cike, ta abin da ya fi giwa.

Amma ba kwalba kaɗai ta kawo Baffa ba. Shekarun nan kuɗi sun shigo ƙasa, duk wanda ka gani ko yana gini ko yana shirin Makka. Mahaifina da Baffa sun haɗa hannu sun gina gida a Ƙanƙara, na bulo da rufin kwano, suka ware ɗaki biyu suka ce na tsofaffi ne. Shekara ta zagayo ɗakunan na kulle. A ganinsu abin kunya ne a ce 'ya'ya suna da hali uba yana kwana a ɗakin jinka a bakin daji, yana bin birai da bindigar toka, ga ido ya fara raguwa, ga asibiti sai an yi tafiyar yini. Ban ga laifinsu ba, ko a lokacin ko yanzu. Shi kuma gonar da ya sare da hannunsa, da kabarin ubansa a bayan gida, da dajin da ya san kowace kuka da kowane rami a cikinsa, su ne duniyarsa. Da suka matsa masa a shekarar da ta wuce, sai ya yanke maganar a gaban liman da mai unguwa da maƙwabta, ya ce, "Ranar da bindigar nan ta ƙi ni, ku zo ku kwashe ni. Kahin nan ku ƙyale ni." Ya faɗa ne da nufin har abada, kowa ma haka ya fahimta. Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, Baffa ya sake tayar da zancen a hankali. Baba Tsoho ya nuna lungun bayan ƙofa da haɓa ya ce, "Tana nan lahiya lau. Ga shi ma ka ƙaro mata ƙarfi."

Kwalbar ta yi kasuwa a Sallar nan. Masu yawon Sallah suka yi ta shigowa, su gaida Baffa a gurguje, su ce a nuna musu man kifin Annabi Yunusa. Wata tsohuwa ta roƙi ɗigo ɗaya don ciwon gwiwa, Baba Tsoho ya ce ba na mutane ba ne. Ni kuwa da aka koma makaranta, wadda a lokacin rumfar kara ce da allo ɗaya jingine a jikin ɗorawa, sai na zama abin kallo. In an tashi tara, maimakon carabke da 'yar gala-gala, sai a zagaye ni in ba da labarin kifin, kullum kuma yana ƙara girma a bakina. Kafin mako ya ƙare tsawonsa ya kai daga makaranta zuwa Sabuwa. Kai, yarinta! Malaminmu ya ce akwai shi da gaske, ya zana shi a allo da ruwa yana tsiri daga kansa. Ya fi kama da tulu mai wutsiya, amma mun yarda.

A daminar nan akwai wani gadu da ya addabi gonarmu. Gadu shi ne aladen daji, wanda wasu ke kira mugun dawa. Wannan ƙato ne, namiji, haurensa ɗaya a karye, kuma yakan san gyaɗa ta ƙosa kafin mai ita ya sani. Yakan fito da sanyin safiya ya bi kunyoyi yana tono, abin da ya ɓata ya fi abin da ya ci. Akwai wata doguwar rumfa da Baba Tsoho ya kafa bisa gwafanni a tsakiyar gona, wadda nake hawa samanta ranar da ba makaranta ina kaɗa gwangwani ina korar birai da tsuntsaye. Daga nan na sha hango shi, wutsiya a tsaye, gwangwanina ko a jikinsa.

Baffa ya koma Ikko bayan Sallah da 'yan kwanaki. Washegarin tafiyarsa Baba Tsoho ya shimfiɗa buzu ya fito da bindiga da kwalba, ina zaune a gefe ina ɓare masara. Ya yi bisimilla, ya cire totuwa, ya kafa bakin kwalba a bakin bindiga, ya tuttula. Ba lakata ba, ba ɗigo ba; sai da kwalbar ta kusa rabi. Ya ɗiga a kunama, ya shafe ƙota, ya murje sauran a tafin hannu. Inna ta ɗago daga gindin murhu ta ce, "Malam, wannan ai ko miyar biki ba a zuba mata haka." Ya ce, "Abin da ba ta taɓa samu ba ne, bari ta sha ta ƙoshi." Ya mai da totuwa, ya jingine ta a lungunta, baki sama kamar kullum, ta kwana biyu a haka. Ranar da zai ɗura ya zura tsumma sau ɗaya yadda ya saba, tsumman ya fito yana ƙyalli, ya yi murmushi. Ya ɗura da yamma, ɗuri mai nauyi, bai gwada ba tun da ba a gwadawa. Ya kuma aika gidan Nomau, maƙwabtanmu Maguzawa waɗanda su ke cin naman gadu, cewa gobe da hantsi su zo da wuƙaƙe da kwando.

Muka fita gari ya yi haske, raɓa ta jiƙa mu har ƙugu. Na hau rumfa, ya ce kada in taɓa gwangwani, in na hango gadu in ɗaga hannu kawai. Shi ya laɓe a bayan wani suri a gefen gyaɗa, ta inda iska ba za ta kai wa gadu warinsa ba, Duna kwance a ƙafarsa. Rana ta ɗan ɗago sai ga gadu ya fito daga cikin sabara, yana tafe yana tsayawa. Na ɗaga hannu. Ya shigo gona, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yadda suke yi, ya fara tono. Baba Tsoho ya bar shi ya matso, ya ƙara matsowa, har na fara ƙosawa, don ni a ganina ko da hoge za a iya samun sa. Sa'an nan ya miƙe a hankali ya kafa ƙota a kafaɗa. Na toshe kunnuwa. Abin da na ji ta tsakanin yatsuna shi ne ƙyas, irin ƙarar ƙyasta ashana. Gadu ya ɗago kai. Baba Tsoho ya sake jan kunama baya ya saki, ba abin da ya fito. Duna, wanda ya saba da cewa in kunama ta sara nama ya faɗi, ya zabura ya yi kansa. Abin bai ɗauki lokaci ba. Gadu ya sunkuya ya ɗaga shi da haure ya yar, ya biyo ta gefen suri, ya bangaji Baba Tsoho a cinya, ya shige daji da ƙyallen wandonsa. Ban san ta yadda na sauko daga rumfar ba. Na tarar da shi zaune a ƙasa, ƙafa tana jini, bindiga a kan gwiwarsa, yana kallonta. Duna yana can yana shure-shure, cikinsa a farke. Na fashe da kuka, na karen ne ko na tsohon, har yau ban tantance ba. Ya ce, "Yi shiru, ɗiyata. Miƙo mani hulata."

Da hantsi su Nomau suka iso da wuƙaƙe da kwando, suka tarar muna binne kare. Ba wanda ya ga abin da ya faru sai ni, ni kuwa wallahi da ya ce in kama bakina da na kama. Nomau tsoho ne shi ma, tare suka yi farauta da ƙuruciya, kuma yana wurin ranar da aka yi alkawarin nan. Ya dubi ƙafar, ya dubi bindigar, sai ya buɗe wa abokinsa ƙofar kuɓuta da kansa, ya ce, "Halan kare ya riga ka, ya tashe shi tun ba ka saita ba?" Baba Tsoho ya ci gaba da tura ƙasa da fartanya. Ya ce, "A'a, na saita. Ita ta ƙi." Nomau ya ce, "Ni ban ji ba." Baba Tsoho ya ce, "Ka ji."

A gida, bayan Inna ta wanke raunin ta ɗaure, ya zauna da wata ƙugiyar waya yana zaro ɗurin kaɗan-kaɗan. Dalma ta fito, rama ta fito, saura albarushi. Maimakon gari, wani baƙin kwaɓi ne ya fito, mai danƙo, yana ƙarnin kifi. Ashe man da ya tuttula bai zauna inda aka sa shi ba. Ya bi bututun ya gangara ya taru a can gindi inda tsumma ba ya kaiwa, ya toshe ɗan hancin, albarushi ya kwana a cikinsa yana sha. Inna ta lakata ta sansana, sai fuskarta ta washe, don a ganinta an sami mafita. Ta ce ai ga shi nan, ba bindiga ce ta ƙi shi ba, baƙon mai ne. A wanke ta da ruwan zafi a shanya, ta kawo man kaɗe, gobe ma ta tashi, a kira liman da mai unguwa a nuna musu. Gaskiya ta faɗa, ni ma na yi ta gyaɗa kai kamar an tambaye ni. Ya bar ta ta gama. Ya ce, "To wa ya zuba? Maharbin da ya ɗura wa bindigarshi abin da bai sani ba, ai ba sai an gaya mashi ya tsufa ba." Ta ce wannan taurin kai ne kawai. Ya ce, "In na kira liman na nuna mashi wannan, mi za a ce a gari? Sule ya kawo abin da ya kusa kashe ubanshi. Wasu ma su ce da gangan ya yi, don a kwashe ni. Yaron da ya ɗauko kwalba tun daga bakin teku cikin safarshi." Ya kwashe baƙin kwaɓin a ganye ya miƙo mini, ya ce in kai bayan danga in binne, in binne maganar tare da shi. Na ji haushinsa ranar, haushi ba kaɗan ba, don ni ma ba na son barin gidan. Inna ta shige ɗaki, ranar tuwo bai sauka da wuri ba.

Baba Tsoho ya aika Ƙanƙara ta bakin wani mai jaki da zai ci kasuwa: magana zarar bunu ce, su zo in an kawar da amfanin gona. Muka tone abin da gadu ya rage na gyaɗa, aka yanke dawa, aka sussuke. Gonar ya ba ɗan Nomau aro, awaki aka sayar da wasu aka ɗaure wasu. Baffa ya sake ɗauko hutu, suka iso da mahaifina a motar hatsi, wadda ta tsaya nesa da gida saboda rashin hanya, aka yi ta jidar kaya a ka. Su murna suke yi, ba su ɓoye ba. Abin da suka sani shi ne tsohuwar bindiga ta gaji, kamar yadda tsofaffin abubuwa kan gaji. Baba Tsoho ya zagaya bayan gida wurin kabarin ubansa ya daɗe, ya dawo ya naɗe bindigar a buzu ya hau gaban mota. Ina zaune a kan cinyar Inna a gefensa. Baffa ya zagayo ta taga yana share gumi, ya ce, "Af, Baba, na manta ban tambaya ba. Man nan kuwa ya yi amfani?" Na ji hannun Inna ya matse mini ciki. Baba Tsoho ya ce, "Ya yi. Ban taɓa ganin mai irinshi ba. Allah shi yi maka albarka." Baffa ya washe baki ya ce in ya sake samun wani zai kawo. Direba ya tayar da mota, muka yini a hanya, muka biyo ta 'Yargoje muka shiga Ƙanƙara da yamma.

Shekarun da Baba Tsoho ya yi a Ƙanƙara ba su da yawa. An ba shi ɗaki mai siminti da gadon ƙarfe, ya bar gadon ya shimfiɗa tabarma a ƙasa. Yakan zauna a ƙofar gida yana kallon motocin hatsi, ranar kasuwa ya je layin maƙera ya yi hira ya dawo. Bai yi ƙorafi ba, bai kuma sake ɗura bindiga ba, ko da yake tun makon farko ya wanke ta da ruwan zafi har ƙarnin ya fita. Inna ta koma sayen ƙwallon kaɗanya a kasuwa tana mitar tsada da rashin kyau, kuma duk lokacin da ta yi mai, ɗan ƙoƙon nan sai ya je ƙofar ɗakinsa kafin kowa ya taɓa. Sauran rabin kwalbar kuwa a kan taga ya ajiye shi, inda Baffa zai gani in ya zo. Baffa ya daɗe a duniya bayan rasuwar tsofaffin, kuma har ya tsufa yana ba 'ya'yansa labarin yadda ya taɓa kawo wa ubansa man da ba a taɓa ganin irinsa ba a ƙasar Sabuwa. Ina zaune ya sha faɗa, ban gyara masa ba ko sau ɗaya. Yanzu da duk suka riga mu gidan gaskiya, ba sauran wanda maganar za ta sosa wa rai, shi ya sa na tone ta.

Yau ni ma jikoki ne ke tsince mini shinkafar Sallah. Na ji an ce kifin nan an hana kashe shi don mansa, saboda ya kusa ƙarewa. Ƙauyenmu ban sake kwana a cikinsa ba. Masu zuwa daga can sun ce kaɗanyun an sare an yi gawayi, gadu ya yi wuyar gani, dajin da Baba Tsoho ya sani kuma wasu ne a cikinsa yanzu, da bindigogin da ba sa ƙin tashi. Mutanen unguwar da yawa sun watse zuwa Sabuwa da garuruwan gaba, su ba wanda ya zo da mota ya kwashe su. Wani lokaci nakan ce da ya saurari Inna, da ya ƙara wasu shekaru a gonarsa, ya cika a ɗakin da ya gina da hannunsa. Wani lokaci kuma in tuna fuskar Baffa a tagar mota, in rasa ta cewa. Bindigar tana nan a gidan ƙanena, naɗe a buzunta, ba wanda ya san yadda ake ɗura ta. Ni kuma har yau in na sayo man kaɗe a kasuwa na buɗe, sai yatsana ya tsaya kafin in lakata, kamar akwai wadda ya kamata a fara yankar wa. Babu, amma nakan ɗan jira.